Modibbo ya shekara biyu da wata uku, har yanzu sai nuni

Hajjo (Tumfure): Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara hana ni barci. Yaron wajena, Modibbo, shekararsa biyu da wata uku, amma in aka cire "Dada" da "mamma" da "a'a" ba shi da wata magana. Komai sai nuni. In ruwa yake so sai ya kama zanena ya ja ni har gindin randa ya tsaya yana kallona. 'Yar maƙwabciyarmu da ya girma da wata biyu, jiya da kunnena na ji tana cewa "Umma ba ni biyar." Surukata, wadda yake kira Dada, ta ce mu muka rikita shi, wai ita da babansa suna yi masa Fulatanci, ni ina yi masa Hausa, ga katun na Turanci a waya. Ta ce a tsayar masa da yare ɗaya, sannan a kira wanzami ya duba ko linzami ne. Ni dai na rasa wanne zan kama.

Baban Ikram (Wunti): Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, namiji ne. Maza haka suke, ƙafa suke fara yi kafin baki. Nawa na biyu sai da ya kusa shekara uku bai ce uffan ba, yau in ya fara zuba sai ka biya shi ya yi shiru. A bar yaro, lokacinsa ne bai yi ba.

Sista Rahila (Kaltungo): Alhaji, Allah ya raya maka naka, amma kar mu ce mata ta bari. Gaskiya ne 'yan mata kan ɗan riga maza buɗe baki, sai dai ratar kaɗan ce, ba ta kai a ce yaro ya haura shekara biyu da kalma uku a zuba masa ido ba. Yawancin yara wajen wata shida zuwa bakwai suke fara "bababa, dadada". Kalmar farko mai ma'ana kan zo wajen shekara ɗaya. In sun cika shekara biyu ana sa ran kalmomi sun kai hamsin, sun kuma fara haɗa biyu, irin su "Baba tafi", "ba ni". Da yawa cikin masu jinkiri suna kamowa da kansu kamar ɗan Alhaji, amma babu mai iya duban goshin yaro ya ce wannan zai kamo, wancan ba zai kamo ba.

Hajjo, amsa mini waɗannan. In kika kira shi daga baya, ba ya ganinki, yana juyowa? Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa? Ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani bayan haihuwa? In kika ce "ɗauko takalminka" hannunki a naɗe, ba nuni, yana ɗaukowa?

Wanzami kuwa, don girman Allah a dakata. Linzami yana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana yaro sanin kalma. Yaron da ya iya cewa "Dada" harshensa yana ɗagawa. A yanka a banza, a jawo zubar jini da ƙwayar cuta.

Hajjo (Tumfure): Sista, wani lokaci ya juyo, wani lokaci sai na ɗaga murya sosai. Na ɗauka taurin kai ne irin na babansa. Sanƙarau da ƙyanda bai yi ba alhamdu lillahi, amma tun sanyin bara mura ba ta sake shi, kuma yakan ja kunnensa. Takalmi yana ɗaukowa, amma yanzu da kika faɗa, kamar kullum sai na nuna.

Sista Rahila (Kaltungo): To a fara da kunne. Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa ki ce gwajin ji kike so a yi masa. Ba zafi, ba allura.

Malam Garba (malamin kimiyyar harshe): Ina goyon bayan Sista, kunne ne farko. Ni zancen "yare biyu sun rikita shi" zan ɗauka, domin shi ne wanda ya fi yawo a gidajenmu, kuma abin dariya a Gombe da Bauchi ake faɗarsa, inda kusan ba unguwar da za ka shiga ba ka ji harshe uku ba. Sista, ke da harshe nawa kika tashi?

Sista Rahila (Kaltungo): Tangale a ɗaki, Hausa a layi, Turanci a makaranta. Kakata ta wajen uwa kuma 'yar Tula ce, ina jin nata ko da ba na mayarwa sosai.

Malam Garba: To ga shi nan. Da harshe biyu na ɗaure baki da rabin mutanen Billiri da Deba da Bogoro bebaye ne. Yaron da ke tashi da harshe biyu yana fara gwaranci da kalmar farko a kusan lokacin da mai harshe ɗaya ke farawa. Inda ake kuskure wajen ƙirga ne: kalmominsa a raba suke, wasu a nan wasu a can, sai uwa ta ƙirga na harshenta kaɗai ta ga sun yi kaɗan. Hajjo, kina jin Fulatanci?

Hajjo (Tumfure): Gaisuwa kawai Malam, ni 'yar Azare ce.

Malam Garba: To ki zauna da Dadarsa ku ƙirga tare, duk wani sauti da yake maimaitawa da nufin abu guda, ko da a karye ne. Ki kawo mana lissafi.

Goggo Asabe (tsohuwar hedimistires, Azare): 'Yata Hajjo, ashe ke tamu ce. Ni shekara talatin da biyu na yi ina fama da 'yan aji ɗaya, ga 'ya'ya ga jikoki. Abin da na sani yaro aku ne. Abin da ya ji shi yake mayarwa. Ki zaunar da shi ki ce "ce ruwa", ya ce, ki ba shi. Bai ce ba kar ki ba shi. Sati biyu za ki ga canji.

Malam Garba: Goggo, a gafarce ni, zan ja da ke kaɗan, da ladabi. Abin da kika faɗa wani babban masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, B. F. Skinner, ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1957: yaro ya kwaikwaya, a saka masa, ya ƙara. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya yi masa raddin da har yau ake karantawa. Amma bari in bar Amurka in dawo tsakar gidana. 'Yata tana shekara uku muka kai ta kallon hawan Sallah. Da muka dawo ta ruga wajen uwarta tana cewa "Umma, na ga dokoki da yawa!" Uwar ta yi sororo, wace doka kuma? Ashe dawaki take nufi. Wata rana ta ce "saniyoyi". Goggo, wa ta taɓa ji ya ce saniyoyi? Babu. Ta ji mota motoci, taga tagogi, tasha tashoshi, sai ta ciro ƙa'idar da kanta ta ɗora wa doki da saniya. Aku ba ya irin wannan kuskure, domin aku ba ya gina komai. Kuskuren shi ne shaidar cewa akwai aikin da ake yi a cikin kan.

Wata mai bincike, Jean Berko, ta gwada haka a 1958. Ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta laƙaba mata sunan da babu shi a Turanci, ta nuna wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, sannan ta nuna guda biyu ta ce su faɗi jam'i. Suka faɗa daidai, alhali ba su taɓa jin kalmar ba balle jam'inta. Ku gwada a gida. Ku zana wani abu ku ce "wannan sunansa zoba", ku zana uku ku tambayi ɗan shekara biyar.

Goggo Asabe: Yanzu na gwada da jikana da ke kusa da ni. Wai "zobobi". Ja'iri har da dariya. To na ji Malam, amma ai kalmar "doki" ɗin a bakin wani ta ji ta.

Malam Garba: Ƙwarai kuwa Goggo. Tubalin daga bakin mutane yake zuwa, ginin ne nata. Kuma ki lura, ko na gyara mata sau goma "dawaki" sai ta ce "eh, dokoki." Ranar da ta bari ba wanda ya sani. Batun hana ruwa sai ya faɗa kuwa, ina roƙo kar a yi. In kunne ne matsalar, an hukunta shi a kan abin da bai ji ba. Gara in ya ja ta gindin randa ta tsuguna ta dube shi ta ce "ruwa kake so? Ga ruwa. Ruwa da sanyi." Ya ji kalmar sau uku a daidai lokacin da hankalinsa ke kan abin.

Auwalu (ɗalibi, Yelwa): Malam, da izininka. Kamar ka ba Chomsky kyautar filin gaba ɗaya. Shi cewa ya yi an haifi yaro da ginshiƙin nahawu a ƙwaƙwalwa, abin da yake ji bai isa ya koya masa ba. Amma ba kowa ya yarda ba. A 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta sun kunna wa jarirai 'yan wata takwas wata magana ta ƙirƙira, gaɓoɓi a jere ba tsayawa ba numfashi, na minti biyu kacal. Bayan nan jariran suka iya bambance gaɓoɓin da ke yawan bin juna da waɗanda haɗuwarsu ta katsahan ce. Wato kunnen jariri yana ƙirga, da haka yake gano inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Michael Tomasello kuma ya ce babban makamin yaro shi ne iya karanta nufin mutum: ya bi idonka, ya bi yatsanka, ya gane me kake so ya kalla. Ni na fi karkata nan.

Malam Garba: Ban ba shi filin ba Auwalu, na ce ya kayar da Skinner ne. Rigimar da ta biyo baya har yau ba a raba ta ba, kuma ni ma da na tsufa a aji na fi jin daɗin bayanin Tomasello, don shi ne nake gani a tsakar gida. Amma ka ajiye wannan: ɗan akuya ma a gidan yake, yana jin duk hirar da ake yi, bai taɓa cewa dokoki ba. Akwai abin da aka halicci ɗan Adam da shi. Yawansa da siffarsa ne ake ja a kai. Kuma ka ga abin da ka kawo ya yi wa Hajjo daɗi: yaron da ke nuni, yana jan uwa, yana kallon idonta, wancan makamin nasa lafiya lau yake.

Alaramma (Bolari): Ina biye da ku. A Suratun Nahli, aya ta 78, Allah ya ce ya fitar da mu daga cikin iyayenmu mata ba mu san komai ba, ya sanya mana ji da gani da zukata. Ji aka fara ambata. Kuma ga huɗubar da ake yi wa jariri a kunne ranar da ya zo duniya. Hajjo, ki riƙe addu'ar Annabi Musa da ke Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a warware ƙullin harshensa, ki kuma je asibitin da Sista ta ce. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Sista Rahila (Kaltungo): Alaramma, jin ma tun a ciki yake farawa, wajen wata na bakwai. Mu a ɗakin haihuwa muna gani, jariri na kuka, uwa ta yi magana ya lafa.

Malam Garba: An ma gwada. A 1988 a Faransa aka nuna jarirai 'yan kwana huɗu suna bambance Faransanci da Rashanci. Ba kalma suka sani ba, kiɗan maganar suka saba da shi tun a ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Janet Werker da Richard Tees a Kanada, 1984. Jariran gidajen Turanci 'yan wata shida zuwa takwas suna jin bambancin wasu sautukan harshen Hindi waɗanda iyayensu ba sa ji sam. Zuwa wata goma zuwa sha biyu yawancinsu sun daina ji. Kunnen ya zaɓi sautukan gida ya saki sauran. Ku dubi namu: bara da ɓara, daki da ɗaki, kafa da ƙafa. Baƙo ya shekara ashirin a kasuwar Muda Lawal yana ciniki da Hausa, har yanzu "karfe" yake cewa, ɗansa da aka haifa a Bauchi kuwa ba ka raba bakinsa da na ɗan Jahun. Ga karin sauti: Baba mahaifi, Baba 'yar uwar uba, baba na rini. Rubutu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su, kuma ba uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta koya masa wannan. Shi ya sa shekarun nan na farko suke da tsada, shi ya sa kuma kunnen da ya toshe a cikinsu ba abin jira ba ne.

Goggo Asabe: Ni akwai tambayar da nake ta juyawa. 'Yata, Modibbon nan ɗan fari ne ko?

Hajjo (Tumfure): Eh Goggo. Sunan baban maigidana ne ma.

Goggo Asabe: Na sani! Faɗa mini gaskiya, kina yi masa hira, ko kunyar ɗan fari ce ta kama ki a gaban suruka?

Hajjo (Tumfure): Goggo kin kama ni. In Dada na tsakar gida ko kallonsa ba na cika yi ba. In ya dame ni ina aiki sai in miƙa masa waya. Yakan yi awa uku ko fiye yana kallo, shiru kamar ba yaro a gidan.

Baban Ikram (Wunti): To ai wayar alheri ce. Ikram a YouTube ta koyi ƙirga har ashirin da Turanci, ba wanda ya koya mata. Ni a gidana ma na hana Hausa, Turanci zalla, don kar su sha wahalar da muka sha. Hausa ai ko a layi sa tsinta.

Goggo Asabe: Alhaji bari in fara da kunyar tukuna, zan dawo kanka. Mu ma mun yi kunyar ɗan fari, har sunansa ba na faɗa yau shekara arba'in. Amma a zamaninmu gidan cike yake. In uwa ta kau da kai ga kaka, ga kishiyar uwa, ga goggo, ga 'yan mata masu goyo suna yi masa tawai da waƙa, a goya shi a kai shi dandali. Yaron bai rasa bakin da zai kalla ba. Yanzu an koma gidan haya ciki da falo, an riƙe kunyar, an rasa taron, sai aka cike gurbin da waya.

Malam Garba: Goggo ta faɗi abin da masu bincike suka je har tsibirai suka gano. Elinor Ochs a Samowa da Bambi Schieffelin a wajen mutanen Kaluli na Papuwa Niyu Gini sun tarar da al'ummomin da iyaye ba sa zama suna yi wa jariri irin hirar lallashi da Turawa ke yi, amma yaran suna tashi da harshensu daram, domin kullum suna tsakiyar mutane, yayye na ɗauke da su, magana na kai kawo a kansu. Ba dole sai uwa ba. Amma dole sai mutum.

Alhaji, ga labarin waya. A 2003 Patricia Kuhl a Amurka ta ɗauki jarirai 'yan wata tara na gidajen Turanci. Wasu aka kawo musu mutum mai jin Sinanci ya zauna da su yana wasa da karanta musu littafi, zama goma sha biyu. Wasu aka nuna musu mutanen nan dai, maganar nan dai, amma a talabijin. Wasu murya kawai. Da aka gwada, waɗanda suka zauna da mutum sun kama bambancin sautukan Sinancin. 'Yan talabijin da 'yan murya kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Allo ba ya jira ka amsa, ba ya bin idonka ya ga me kake kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kar a ajiye ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana.

Ƙirgan Ikram kuwa, Allah ya yi mata albarka, amma haddar waƙa ce. Ka ajiye mata dabino bakwai ka ce ta ba ka huɗu, sannan ka ba mu labari.

Baban Ikram (Wunti): Malam kar ka raina mini 'ya. Kuma maganar gaskiya, jarrabawa da Turanci ake yi, aiki da Turanci ake nema. Ku 'yan boko kun iya, sai ku ce mu mu zauna da Hausa.

Goggo Asabe: Yanzu na dawo kanka Alhaji. Ba wanda ya ce kar su iya Turanci. Amma wane Turanci kake ba su a gida? "Kam hiya, sit dawun, sitof dat." Umarni uku. Da Hausa kuwa za ka iya yi musu tatsuniya, ka yi musu ba'a, ka ba su labarin kakanka, ka yi musu bayanin dalilin da ya sa hadari ke haɗuwa. Ka hana su kogi ka ba su kofi. Na karɓi irin yaran nan a aji, Hausar ba ta nuna ba, Turancin bai tsaya ba. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife tun daga 1970: yara suka yi firamare shekara shida da Yarabanci, Turanci yana darasi guda a hannun ƙwararren malami. Ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma suka yi musu fintinkau.

Baban Ikram (Wunti): Goggo kin san ba na iya ja da ke. Amma ban sauka ba tukuna.

Maman Walid (Fadaman Mada): Tun da ana zancen, ni tawa matsalar daban. Ni Bakanuwa ce aure ya kawo ni Bauchi. Yarana sai su ce "rigan Ummi", "motan Baba ya lalace". Na gyara har na gaji. Wannan shi ma jinkiri ne?

Auwalu (Yelwa): Hajiya wannan ba ciwo ba ne, Bausanci ne. Haka muke faɗa, kuma ba mu nemi magani ba.

Malam Garba: Auwalu ya yi gaskiya. Karin harshen Bauchi, kamar na Zariya, ya sassauta rarrabe jinsin namiji da tamata a sunayen abubuwa, masana Hausa sun daɗe da rubuta haka. Yaranki ba su kasa koyon ƙa'ida ba, ta unguwarsu suka koya, kuma sun koye ta daidai. Da zarar yaro ya fara fita wasa bakin abokansa yake bi fiye da na uwarsa. Ki bar musu, in sun shiga aji a koya musu daidaitacciya don rubutu, su riƙe biyu.

Maman Walid: Wato an ƙwace mini 'ya'ya ke nan ina ji ina gani.

Mai Shago (Jekadafari): Tambaya ɗaya Malam, ina da ƙane kurma tun haihuwa. In an gwada aka tarar yaro ba ya ji gaba ɗaya, shi ke nan ba shi da harshe?

Malam Garba: Ko kaɗan. Harshe ba a baki yake zaune ba. A 1991 Laura Petitto ta nuna jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsu, suna maimaita motsi ɗaya kamar yadda namu ke "bababa", kuma a kusan watannin da masu ji ke yi. A Nikaraguwa, daga ƙarshen shekarun 1970, aka tara yara kurame a makaranta a Managuwa, kowa da 'yan alamun gidansu. A filin wasa da cikin motar makaranta suka haɗa sabon harshen hannu, ƙananan da suka zo daga baya kuma su suka ƙara masa ƙa'idoji ya cika. Haɗarin da ke kan yaro kurma shi ne a bar shi shekara biyar, shida, ba magana ba alama, ana jiran ya buɗe baki. Wanda ya sami harshen farko a makare, na hannu ne ko na baki, yakan daɗe yana ɗingishi a nahawu. In an gano da wuri a fara masa maganar hannu nan take, 'yan gida su ma su koya.

Mai Shago (Jekadafari): Namu sai da ya shekara tara aka kai shi makarantar kurame. Allah ya sa mun sani a lokacin.

Hajjo (Tumfure): Salamu alaikum, ku yi haƙuri kwana goma sha biyu shiru. Na farko, lissafin Malam. Mun zauna da Dada, ashe "yam" da yake ta faɗa ni ina ɗauka gwaranci ne, ndiyam yake nufi, ruwa. "Sam" kosam ne, nono. Yana cewa "war" in yana kiran mutum, yana kuma cewa "nagge" a karye in ya ga shanu sun wuce. Da nawa da nata muka samu goma sha huɗu. Dada ta yi ta dariya wai ashe yaron nata ne ba nawa ba, zancen tsayar da yare ɗaya kuma ban sake ji ba.

Na biyu, mun je asibiti. Likita ya leƙa, aka sa masa wani abu a kunne aka auna, aka ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa duka biyun, saboda yawan murar nan. Wai yana ji amma kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga. An ce sau da yawa yakan janye da kansa, mu dawo bayan wata uku a sake aunawa, in bai janye ba akwai ɗan aikin da ake yi. An ce in riƙa matsowa kusa ina fuskantarsa in zan yi magana, a kashe talabijin da rediyo lokacin. Wayar na ɓoye, kwana uku muka sha kuka. Kunyar ma na ɗan rage, Dada da kanta ta ce in daina, wai zamani ya wuce nan.

Sista Rahila (Kaltungo): Madalla. Goma sha huɗu har yanzu ƙasa yake da inda ake so, don haka ko kin ga ya fara zuba kar ki fasa komawa. Ki rubuta ranar a bango. Kuma kar a ɗiga masa komai a kunne, ko man zaitun ko na kanti, in ba likita ya rubuta ba.

Goggo Asabe: Ki gaishe mini da Dada. Ki ce ta ci gaba da Fulatancinta, ke ki riƙe Hausarki, mu ga wanda zai fara samun jimla.

Baban Ikram (Wunti): Sista, ba wai wani abu ba. Autana shekararsa biyu da rabi, kullum sai ya manna kunne jikin talabijin, kuma in ana kiransa sai an taɓa shi. Gwajin nan a Bauchi ma ana yi, ko sai an je Gombe?

Sista Rahila (Kaltungo): Ka fara zuwa sashen kunne na asibitin koyarwa da ke nan Bauchi, in akwai abin da ya fi ƙarfinsu su za su tura ka. Ka je da sassafe, ka tafi da katin rigakafinsa, kuma ka tafi da mamansa don ita za a fi yi wa tambayoyi.